Katangar bulo ta zaɓi nata: yadda siffar jiki ta raba ƙadangarun da suka zauna a Ɗorayi da waɗanda suka tashi

Da hantsi, kafin rana ta buɗe sosai, kusan kowace doguwar katanga da ke tsakanin Ɗorayi da Sharaɗa tana da mai gadin da ba a biyan sa albashi. Jan-gwada ne, namijin ƙadangaren nan mai jan kai da jiki baƙi-baƙi mai shuɗi, wanda kan haye ƙololuwar bulo ya kafa ƙafafunsa na gaba yana gyaɗa kai kamar mai unguwa na amsa gaisuwa. A ƙasa da shi matansa ne masu launin ƙasa, suna shan hantsi a gefen da haske ya fara sauka. Idan dare ya yi aka kunna ƙwan lantarki a bakin ƙofa, sai tsaka ta fito daga tsaguwar bango ta karɓi aikin.

Hausawa sun bambanta wannan dangi da sunaye: ƙadangare, tsaka, kulɓa, hawainiya, damo da guza. Masana ilimin dabbobi kuwa sun tara su a babban gida ɗaya mai nau'o'i sama da 7,000 a duniya. Yaron da ya tashi a Ɗorayi yau yana ganin biyun farko kullum, yakan yi kiciɓis da ta uku jefi-jefi, amma ukun ƙarshe ya fi jin sunansu a bakin manya fiye da ya gan su da idonsa. Ba haka kawai abin ya kasance ba. Kowanne cikin shidan yana ɗauke da jikin da ya dace da wani irin wuri, kuma shekarun da aka kwashe ana yanka gonaki ana mayar da su filotai, ana sare itatuwa, ana sakin ruwan masana'antu cikin rafuka, sun faɗaɗa wa wasu mazauni sun ƙwace na wasu.

Karin magana ma ta daɗe da faɗin adireshin kowa. Ƙadangaren bakin tulu a cikin gida yake, kuma albarkacin kaza yake shan ruwan kasko. Wanda ya ce hawainiyarka ta kiyayi ramata ya san a jikin ganye da tsiro ake samun ta. Abin da kimiyya ta ƙara a kai shi ne dalili: me ke jikin kowannensu da ya ɗaure shi a inda yake?

Katanga ɗaya, ma'aikata biyu

Ƙadangaren gida, wanda masana ke kira Agama, asalinsa mazaunin duwatsu ne da kututturen itace a cikin dajin da bai yi duhu ba. Jikinsa a ɗan baje yake, yadda zai manne da abu mai faɗi ya kwashi zafin rana, ko ya shige ƙarƙashin tsaguwa idan shirwa ta kawo sura. Ƙafafunsa na baya sun fi na gaba tsawo da ƙarfi, yatsunsa na da farata masu kaifi da ke kama duk abin da ke da kaushi, jelarsa kuma ta kai fiye da rabin tsawonsa gaba ɗaya. Ba ya yawon neman abinci. Yakan zauna a wuri mai tudu ya zuba ido, da ya hango tururuwa ko fara sai ya sheƙo da gudu ya cafke ya koma. Irin wannan farauta tana buƙatar abu uku: fili a buɗe, wurin hawa mai faɗi, da ramin ɓuya a kusa.

Katangar bulo da ba a yi wa filasta ba ta haɗa duka ukun, har ta fi dutsen daji. Tana da kaushi, tana riƙe zafi, ramukan bulon da ke sama ɗakuna ne da aka gina kyauta, juji da kwata da ke gindinta kuma suna tara ƙwari. Duk sabon layin da aka yanka a Ɗorayi ko Ja'en, duk kamfanin da ya kewaye filinsa a Sharaɗa, ya gina wa jan-gwada sabon gari. Wannan zama kusa da mutane ba sabon abu ba ne: Vernon Harris, wanda ya yi nazarin rayuwar wannan ƙadangare a Ibadan ya kuma fitar da littafi a kansa a 1964, ya bayyana yadda namiji ɗaya ke riƙe yankinsa da matansa, yana korar duk wani namiji da ya leƙo.

Jelar ma tana da aikin da sai a baya-bayan nan aka gane shi sosai. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da wannan ƙadangare mai jan kai. Sun sa shi gudu ya taka wani dakali ya yi tsalle zuwa bango, wani lokaci dakalin na da kaushi, wani lokaci mai santsi. Idan ƙafarsa ta zame a kan mai santsin, kansa kan nufi ƙasa, amma sai ya ɗaga jelarsa sama yana cikin iska, jikin ya daidaita, ya sauka daram. Daga nan injiniyoyin suka ƙera wata 'yar mota mai jela da ke daidaita kanta haka. Yaron da ya tsinke wa ƙadangare jela da danƙo, ke nan, ya raba shi da sitiyarinsa.

Inda faratan ƙadangare suka gaza, wato a jikin gilashi, tayil da bangon da aka shafe da fenti mai sheƙi, nan tsaka ke tafiya kamar a tabarma, har ta bi silin kai a ƙasa. A ƙarƙashin yatsunta akwai wasu faifai jere, kowane faifai ɗauke da dubban gashi ƙanana da ido ba ya gani, kowane gashi kuma ya rarrabu a bakinsa zuwa ɗaruruwan rassa. A 2000 da 2002 Kellar Autumn da abokan aikinsa suka nuna cewa babu danƙo ko wani ruwa mai yauƙi a wurin. Rassan suna matsowa kusa da bango ne ƙwarai har ƙarfin jan juna da ke tsakanin ƙwayoyin zarra ya riƙe su. Ga manyan idanu marasa fatar ƙiftawa da suka dace da duhu, ga jiki mai laushi da zai shige bayan kalanda. Ƙwan lantarki ya gama mata komai, domin yana tara mata ƙwarin da a da sai ta sha wuya kafin ta samu. Duk da mummunan sunan da take da shi a gidaje, tsaka ba ta da dafi, kuma sauro da 'ya'yan kyankyaso na cikin abincinta.

Masu buƙatar ganye

Kulɓa ta bi wata hanya dabam. Jikinta mulmulalle ne kamar tsinken alli, wuyanta kusan kauri ɗaya da kanta, ƙafafunta gajeru, fatarta na sheƙi da santsi, a ƙarƙashin fatar kuma akwai 'yan ƙananan faifan ƙashi da ke zame mata sulke. Jiki ne na kutsawa cikin busasshen ganye, ciyawa da ƙasa mai laushi, inda dogayen ƙafafu za su riƙa sarƙewa. Mutane da yawa na tsoron ta saboda tafiyarta na kama da ta maciji, kuma kamannin ba na banza ba ne. A cikin danginta, masu nau'o'i sama da 1,500, akwai masu yatsu biyar, akwai masu uku, akwai waɗanda ƙafar ta zama ɗan tsiro, akwai waɗanda ba su da ita sam. Masana sun ƙiyasta cewa doguwar siffa mai raguwar ƙafafu ta ɓullo sama da sau ashirin a zuriyoyi daban-daban na ƙadangaru, mafi yawa a wurin masu shiga ƙasa ko masu ratsa ciyawa, kuma a lissafinsu macizai kansu reshe ne daga wannan itace. A Sahara akwai wata 'yar uwar kulɓa da ke nutsewa cikin yashi. Hoton da aka ɗauka da na'urar haska ƙashi a 2009 ya nuna cewa da ta nutse sai ta manne ƙafafunta a jiki ta riƙa lanƙwasa kamar kifi a ruwa.

Kulɓa takan jure zaman gari matuƙar an bar mata gindin darbejiya da ba a share ba, ko tarin itace a bayan ɗaki, ko kangon da ciyawa ta rufe. Tsakar gidan da aka shimfiɗe da siminti daga bango zuwa bango ba ta bar mata komai ba.

Hawainiya ce ta fi kowa asara, domin ita ce ta fi kowa ƙwarewa. Yatsunta biyar sun haɗe gida biyu, biyu a gefe uku a gefe, suka zama kamar awartaki da ke damƙe siririn reshe. Jelarta na naɗewa ta riƙe abu, ba ta kuma tsinkewa ta sake tsirowa kamar ta tsaka. Jikinta a matse yake daga gefe zuwa gefe, sirit kamar ganye, akasin na ƙadangare da ke baje, kuma wannan ne ke ba ta damar tsayawa a kan reshen da bai kai kaurin fensir ba. Tun da ba ta iya gudu, harshe ne ke yi mata gudun: tana harba shi nesa da ya kai tsawon jikinta, a wasu nau'o'in har ninki biyu. Duk wannan kaya na da amfani ne a inda reshe ke taɓa reshe, a shingen gona, a kan magarya da sabara, a cikin rama da dawa lokacin damina. A kan katanga ba ta da abin damƙa. A kan kwalta kuwa sanɗarta ta zama hukuncin kisa. Unguwa irin Ɗorayi, wadda a da ƙauye ce a bayan ganuwa mai gonaki da gidan sarki, ba sai an kashe hawainiya ɗaya-ɗaya ba kafin ta rasa ta. Raba itace da itace da titi ya isa.

Tsibirai huɗu, amsa ɗaya

Mai shakka zai iya cewa ai labari ne ake ƙirƙira bayan an ga dabba a wurinta. Hujja mafi ƙarfi da ke amsa masa ta fito ne daga nesa da Kano, daga manyan tsibiran tekun Karibiyan guda huɗu: Kyuba, Jamaika, Puerto Rico, da Hispaniola wadda Haiti da Jamhuriyar Dominika suka raba. A can akwai wasu ƙananan ƙadangaru da ake kira Anolis, masu nau'o'i kusan 400 a nahiyar Amurka da tsibiranta.

A 1972 Ernest Williams na Jami'ar Harvard ya fito da wani tsari da ya lura da shi. Ƙadangarun sun raba itace ɗaya kamar yadda 'yan haya ke raba bene. Akwai ƙato mai babban kai a can ƙoli. Akwai mai dogayen ƙafafun baya da ke zama a gindin kututture kai a ƙasa yana jiran abin da zai gifta, sak halin jan-gwada. Akwai siriri mai gajerun ƙafafu da ke rarrafe a hankali a kan ƙananan rassa, wanda duk Bakanon da ya gan shi zai tuna hawainiya. Akwai mai doguwar jela a cikin ciyawa. Siffofi shida aka ƙirga: Kyuba da Hispaniola na da duka shidan, Puerto Rico na da biyar, Jamaika huɗu.

Abin da hankali zai fara kawowa shi ne cewa mai gajerun ƙafafu na Kyuba ɗan uwan mai gajerun ƙafafu na Jamaika ne. A 1998 Jonathan Losos da abokansa suka wallafa binciken ƙwayoyin gado da ya nuna akasin haka. Galibi, mai rarrafe a reshe na Jamaika ya fi kusanci da ƙaton ƙoli na Jamaika fiye da takwaransa na wani tsibiri. Wato a kowane tsibiri zuriya ta rarrabu da kanta, ta kuma isa ga siffofi iri ɗaya, saboda itacen da ta tarar ya gabatar mata da matsaloli iri ɗaya. Gwaji a ɗakin bincike ya nuna dalilin: doguwar ƙafa tana ba da gudu a kan abu mai faɗi, amma a kan siririn reshe gudun na gushewa, tuntuɓe ya ƙaru.

Yadda masana ke bayyana abin ya yi kama da tankaɗe da rairaya. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa fitowa daidai wa daida, wani ƙafarsa ta ɗan fi tsawo, wani tafinsa ya ɗan fi faɗi. Muhalli shi ne rariyar. Wanda jikinsa ya ɗan fi dacewa da inda yake ya fi samun abinci, ya fi tsere wa shaho, ya fi barin 'ya'ya, su kuma su gaji siffar. Idan wuri na da mazaunai iri-iri, zuriya ɗaya takan rabu ta bi kowanne, har tafiya ta yi nisa su daina haɗa iri. Ta haka yawan mazaunai ke haifar da yawan nau'o'i. Madagaska, mai dazuzzuka da tsaunuka kala-kala, tana ɗauke da kusan rabin nau'o'in hawainiya sama da 200 da aka sani.

An daɗe ana zaton wannan rairaya sai an yi dubban shekaru kafin a ga tasirinta. Ƙadangarun Karibiyan sun rushe zaton. A 2017 Colin Donihue ya gama auna wasu a tsibiran Turks da Caicos kwanaki kaɗan kafin mahaukaciyar guguwar Irma ta afka wa yankin, Maria ta biyo bayanta. Da ya koma bayan makonni shida, sai ya tarar waɗanda suka rage sun fi na da faɗin tafin yatsa da tsawon ƙafafun gaba, cinyoyinsu na baya kuma sun fi gajarta. Masu ƙarfin riƙo sun tsira, doguwar cinya kuwa ta zama tutar da iska ke kamawa ta fizge mai ita.

Wanda ya fi shafar Kano shi ne aikin Kristin Winchell a biranen San Juan, Ponce da Mayagüez na Puerto Rico. A 2016 ta wallafa cewa ƙadangarun cikin gari, masu zama a kan katanga, ƙarfe da bangon fenti, sun fi 'yan uwansu na dajin da ke kusa tsawon ƙafafu da yawan faifan manne a yatsu. Doguwar ƙafa na taimakawa wajen ƙetare fili mara mafaka da gudu, ƙarin faifai kuma na hana zamewa a bango mai santsi.

A nan akwai wurin taka tsantsan, domin abubuwa uku ne ke kama da juna, kuma rahotanni kan cakuɗa su. Na farko shi ne tacewa tsakanin nau'o'i: gari ya karɓi wannan ya kori wancan, ba tare da jikin kowa ya sauya ba. Na biyu shi ne tasirin reno: an gwada an gani cewa ɗan Anolis da ya girma a kan abu mai faɗi yakan fito da ƙafa ɗan tsawo fiye da wanda ya girma a kan siririn reshe, kamar yadda hannun maƙeri ke kauri, kuma wannan ba ya bin jini. Na uku ne kaɗai sauyin gado. Winchell ta raba na biyu da na uku ta hanyar renon 'ya'yan gari da na daji a ɗaki ɗaya, bambancin kuma bai gushe ba, sannan a 2023 ita da abokanta suka nuna sassan ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da shi. Abin da ido ke gani a Ɗorayi, cikar katanga da ƙadangare da ƙarancin hawainiya, na farkon ne, kuma shi ya fi sauri, ya fi tsanani.

Sakamakonsa kuwa kishiyar abin da ya faru a tsibiran can ne. Inda mazaunai iri-iri suka haifi nau'o'i iri-iri, gari na mayar da ko'ina abu ɗaya: bulo, kwano, kwalta. Shi ya sa ƙadangaren Afirka ta Yamma mai jan kai, wanda cinikin dabbobin ado ya kai jihar Florida ta Amurka aka fara ganin sa a sake tun 1976, ya bazu a can cikin sauƙi. A wuraren ajiye motoci da katangun siminti ya tarar da gidan da ya saba.

Damo a tudu, guza a ruwa

Manyan biyun su ne suka fi nuna yadda wuri ke sassaƙa jiki, domin 'yan gida ɗaya ne, gidan Varanus, ga harshe mai baki biyu iri ɗaya, ga farata masu ƙarfi iri ɗaya. Damo gajere ne mai kauri, da wuya ya wuce mita ɗaya, kansa faffaɗa, jelarsa ba ta da tsawo sosai. Jikin mai haƙa ne da zaman rami. Da damina yake cin rabonsa na shekara, gyare, ƙadandoniya, buzuzu, dodon koɗi har da kunama, ya tara kitse, idan rani ya yi ya shige rami ko suri ya kwashe watanni kusan ba ci. Kirarin da ake yi masa na sarkin haƙuri yana da tushe a halittarsa. Abin da yake buƙata shi ne ƙasa da za a iya tonawa da gonar da ke da ƙwari, kuma waɗannan su ne farkon abin da tubalin gini ke binnewa.

Guza kuwa dogo ne, yakan kai mita biyu, jelarsa ta fi gangar jikinsa tsawo, a matse take daga gefe da ɗan tudu a samanta, kamar filafilin kwalekwale. Ƙofofin hancinsa suna sama-sama, yadda zai yi numfashi jikinsa na cikin ruwa. Yana cin kifi, kwaɗi, ƙaguwa, ƙwai da mushe. Wannan jiki ya ɗaure shi a bakin kogi, fadama da kududdufi, kuma a nan ne labarinsa ya haɗu da na masana'antun Kano.

Bompai ce ta fara, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, kuma a cikinsu ne kamfanonin fata, na saƙa, na roba da na sinadarai suka taru. Majeman gargajiya irin na Ƙofar Wambai da bagaruwa suka saba jima. Jimar zamani kuwa da gishirin kuromiyam ake yin ta, tare da farar ƙasa da sinadarai masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ba duka kuromiyam ɗin fata ke shanyewa ba, saura na fita da ruwan wanki. Hanyoyin da ruwan ke bi sanannu ne. Na Bompai yana gangarawa rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa Kogin Challawa, wanda rukunin masana'antun Challawa ke bakinsa, shi kuma ya haɗu da Kogin Kano a wajajen Tamburawa su zama Kogin Haɗejia. Masu bincike a jami'o'in ƙasar nan sun sha auna ƙarafa masu guba a waɗannan ruwaye, a lakarsu, da a kayan lambun da ake ban-ruwa da su.

Dabbar da ke zaune wuri ɗaya shekara da shekaru, tana cin abin da ya ci abin da ke cikin laka, takan zama kundin ajiyar abin da aka zuba a ruwan. Wasu masana daga Faransa sun gwada wannan a 2011, inda suka auna dalma da kadmiyam a ƙashi, hanta, ƙoda, hanji da tsokar guzaye 71 daga wurare a Mali da Nijar, don ganin ko za a iya amfani da guza a matsayin ma'aunin gurɓatar fadamun Afirka. Hikimar a bayyane take: kwalbar ruwan da jami'i ya ɗiba da safe tana faɗin abin da ke cikin rafin a wannan sa'a ne kawai, kuma ana iya buɗe bututu da daddare, amma ƙashi da hanta suna riƙe lissafin watanni da shekaru.

Ga kuma farauta. Fatar guza ta daɗe cikin kasuwar jakunkuna, takalma da maɗaurin agogo, kuma ƙasashen Sahel na cikin manyan masu fitar da ita. Vivian de Buffrénil na gidan adana tarihin halittu da ke Paris ya yi shekaru yana nazarin guzayen da mafarauta suka kama a yankin, ya kuma ruwaito cewa inda farauta ta yi tsanani ba sa daɗewa a duniya, suna kuma fara haihuwa da wuri. A 2016 wani binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa guzan Afirka ta Yamma ya rabu da na sauran nahiyar tun miliyoyin shekaru, har aka ba da shawarar a ɗauke shi nau'i mai zaman kansa. Idan haka ne, wanda aka rasa a nan ba za a cike gurbinsa da na Kogin Nilu ba.

Ba dokoki aka rasa ba. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke cikinta, ta sanya damo da guza a jerin dabbobin da ba a fitar da su ko fatarsu ƙasashen waje sai da izini, dokar soja mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ba su kariya a cikin gida. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idoji a 2009 kan masana'antun saƙa, fata da takalma, waɗanda suka wajabta tace ruwan datti kafin a sake shi. Akwai kuma doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ta ce kafin a fara babban aiki sai an yi nazarin tasirinsa ga muhalli, a kuma baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su yi ƙorafi. Rukunan masana'antun uku sun girmi wannan doka, amma sabon kamfani ko babban faɗaɗawa a cikinsu ba su girme ta ba.

Irin wannan rahoto yakan ƙunshi babi kan dabbobin da ke wurin, kuma babi ne da mutumin unguwa zai iya tantancewa ba tare da digiri ba. Jerin da ya ambaci ƙadangare da tsaka kaɗai a filin da ke bakin rafi yana nuna ɗaya cikin biyu: ko dai masu binciken ba su sauka daga mota ba, ko kuma rariyar ta riga ta gama aikinta a wurin. Manomin lambu a bakin Challawa ko Getsi, wanda kullum ƙafarsa ke cikin wannan ruwa, ya san shekarar da ya yi wa guza ganin ƙarshe a fadamarsa, kuma latas da kabejin da ya shayar da ruwan da safe suna isa kasuwannin cikin gari kafin azahar.